Ina Rangaɗa Guɗa, Autata Tana Tona Mini Asiri

Shekara biyar baya, in ka shigo unguwarmu a Kubwa ka ce kana neman tsohuwar da ke wankan jego, ko ɗan acaɓa ka tambaya zai sauke ka a ƙofar gidana. Ni ce. Ban taɓa zama a aji ba, ko sunana aka rubuta aka ajiye a gabana ba zan gane shi ba, amma matan manyan ogogi sun sha aiko mota da asuba ta tsaya tana jirana har in idar da lazimi. Wannan wasiƙar ma faɗa nake yi, wata maƙwabciyata da ta yi ritaya daga koyarwa tana rubutawa, kuma na ce mata kada ta gyara mini baki, yadda na faɗa haka za ta sa. Mijina na biyo garin nan, Allah ya jiƙansa, lokacin ana ta gine-gine shi kuma yana aikin birkila. A Durumi muka fara zama, da rusau ya tashe mu muka dawo Kubwa, nan ya rasu ya bar ni da maza biyu da autata mace. Da hannuna da tukunyata na riƙe su, ban taɓa zuwa ƙofar kowa neman abin da za su ci ba, kuma ina faɗin haka da ƙarfi a ko'ina, don ni ba mai ƙasƙantar da kai ba ce.

A can gida, mace in ta haihu gidan uwarta take komawa ta yi wanka har arba'in. A nan kuwa uwar tana Katsina ko Yola, ita 'yar tana aikin ofis, mijin ba ya son ta yi nisa. To sai ni. Da asuba na hura wuta na ɗora ruwa, in ya tafasa in tsoma ganyen darbejiya in dinga fyaɗa wa mai jego har jikinta ya saki, in gasa wa jariri cibiya, in ɗaure mata ciki, in dama kunun kanwa, in daka yaji. Da yamma in sake. Musulmi sun kira ni, Kiristocin Filato da Nasarawa ma sun kira ni. Likitoci suna ta cewa a rage zafin ruwa a rage kanwa, na kuwa rage, don ba na jayayya da mai ilimi in dai zai bar ni in yi aikina. Amma ba ruwan zafi ne ya sa ake nemana ba, kowace mace ta iya tafasa ruwa. Bakina ake saya. Mai jego ba ta da abin ɓoyewa a gaban mai wankanta. Kin ga shaidar duka a bayanta, kin ji abin da ta faɗa tana kuka a kan kujera, kin san gidan da ake dafa nama a falo ana kwana da yunwar zuci a ɗaki. Shekara kusan talatin ina shiga gidaje, ba a taɓa cewa an ji magana daga wurina ba.

Sana'ar nan gadonmu ce ta mata. Kakata ta ba uwata, uwata ta ba ni, kuma a gidanmu ba a ba da ita gaba ɗaya. Wuta ake fara koya miki, ki san ruwan da ya isa da wanda zai saɓule fata. Sai ganye da haɗin kunu. Na ƙarshe shi uwata take kira buɗe gidaje. In ta tabbata ke ce magajiyarta, sai ta zaunar da ke ta faɗa miki abin da ke cikin kowane gida da take shiga, don ranar da za ki shiga a madadinta ki san inda za ki taka, ki san tambayar da ba a yi, ki san jaririn da ba a cewa ya yi kama da wane. Ba ta rantsar da ni ba ranar da ta buɗe mini nata. Kallona kawai ta yi, ni ma na gane. Ban taɓa tunanin akwai 'yar da za a faɗa wa irin wannan magana har sai an ce mata sirri ne ba.

Tun autata tana goye na gama tsara mata rayuwa. Za ta yi boko ta zama nas mai karɓar haihuwa, ta haɗa takarda da hannun kakanninta, yadda ba likitan da zai kalle ta a raine kamar yadda ake kallona a bakin asibiti. Ita kuwa tun tana ƙarama in na ce zo ki tura mini itace sai ta toshe hanci ta ce hayaƙi yana sa mata ciwon kai. Ni kuma in ce kan da bai jure hayaƙin darbejiya ba ai bai isa ya ɗauki ɗankwali ba, mu yi dariya ya wuce. Da ta gama sakandare ta zo ta ce ba ta samu gurbin aikin jinya ba, Turanci aka ba ta a jami'a. Na yi kwana biyu ban ci abincin kirki ba, daga baya na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Duk da haka ban cire rai ba. A gidajen da nake wanka ina ta cewa ku bar ta ta gama yawon Turancinta, jini ba ya ɓata, za ta dawo kan tukunya.

Sai ga shi kamar maganata ta tabbata. Ta gama, ta yi bautar ƙasa, ta dawo gida ba aiki. Kullum ta bi motar safe zuwa cikin gari da takardu, ta dawo da yamma ƙafa duk ƙura. Wata rana da la'asar ina tsince ganye a tsakar gida sai ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, da wani littafi mai baƙin bango da biro a hannu, ta ce Inna wai yaya kike gane ruwa ya isa. Wallahi sai da na juya baya na share ido da bakin zani don kada ta gani. Na faɗa mata. Ta rubuta. Washegari ta sake zuwa, ta tambayi ɗaurin ciki, ta tambayi abin da ake ce wa mai jego in ta ƙi shiga ruwa. Har ta bi ni gida biyu ta riƙe mini bokiti. Na je kasuwa na sayo mata sabon zanin aiki. Duk wadda na haɗu da ita sai na ce mata autata ta dawo hanya, kuma ita da yake 'yar boko ce a littafi take adana komai, abin da ni da uwata muka riƙe a ka.

Bayan kamar wata uku na ce lokaci ya yi, na fara buɗe mata gidaje. Nan ne zan faɗi laifina ba tare da na rage ba. Ni mai labari ce. Tun ina yarinya in na fara tatsuniya har manya suke barin aiki su matso. Na iya muryar kowa, na iya tafiyar kowa, in na kwaikwayi oga yana faɗa da direbansa sai kin riƙe ciki. Shekara da shekaru ina ɗauke da labarai masu nauyi ba wanda zan sauke wa, sai ga kunne ya zo har gida, kunnen da na haifa, kuma al'adarmu ta halatta mini shi. Ban faɗa mata a taƙaice yadda uwata ta faɗa mini ba. Na baje su, na sa gishiri, na tashi tsaye ina nunawa. Ita kuma biro yana ta gudu, in na tsaya ta ce Inna sai me ya faru, a lokacin me ta ce, wane irin zani ta ɗaura. Ni ina jin daɗi ina cewa yarinyar nan ta fi ni lura.

Cikin gidajen da na buɗe mata har da na wata Hajiya, matar wani babban ma'aikaci, wadda ta ɗauke ni kamar uwa, Iya take ce mini. Kada mai karatu ya ce ga tsohuwa tana sake tona asirin mutane a mujalla. Yanzu ba sirri ba ne, kuma da yardarta nake faɗa, za ku ji yadda aka yi. Hajiyar nan ta shekara goma sha ɗaya da aure ba haihuwa, dangin miji sun sa ta a gaba. Sai ƙanwarta da ke can garinsu ta yi ciki ba aure, ta haifi mace, ta rasu kwana biyu da haihuwar. Tun cikin yana ƙarami Hajiya da mijinta suka shirya abin da za su yi. Ta tafi gida ta yi watanni a kan tana goyon ciki, ta dawo Kubwa da jaririya a hannu. Amma mace ba ta dawowa da jaririya a ce ba a ga hayaƙin wankanta ba, ga surukarta ta zo ta tare a ɗakin baƙi. Shi ne aka kira ni. A banɗaki ta kulle ƙofa ta durƙusa a gabana ta faɗa mini gaskiya, ta ce Iya rufin asirin marainiyar nan yana hannunki.

Na yi mata wankan ƙarya. Kullum da asuba in tafasa ruwa in shigar, in dinga fyaɗa ganye a jikin bango don surukar ta ji ƙara, tururi yana fita ta taga, ita Hajiya tana zaune a gefe a bushe, sai in shafa mata ruwa a fuska da wuya mu fito. Ranar kwana na tara ta ce ita ta gaji, tana so a yi mata na gaske, ko sau ɗaya ta ji abin da uwaye suke ji. Na ce ba ki da ciwon da ruwan zai gasa, wahala kawai za ki sha. Ta ƙi ji. Kafin in sirka ta tsoma hannu ta ɗauko ganyen da kanta, ruwan ya zubo mata a bayan hannun hagu ya saɓule fatar. Ba ta yi ihu ba saboda surukar, zani ta cusa a baki tana wani irin kuka ta hanci. Tabon bai ɓace ba, duk matan unguwa sun san shi, takan ce a wankan jegon 'yarta ta samu, har da ɗan alfahari. Yarinyar ta girma tana ce mata Mami, ta shiga jami'a, har an kawo gaisuwar aurenta. Wannan labarin na ɗauka gaba ɗayansa na ba autata wata la'asar, muna ɓarar gyaɗa.

Watanni suka wuce. Sai ta ce mini wai ta rubuta wani ɗan labari an zaɓe shi, za ta karanta shi ranar Asabar a wani taron matasa marubuta a cikin gari. Na ce masha Allah, wane kaya zan sa. Sai ta fara kame-kame, wai Inna da Turanci za a yi komai, za ki gaji, wurin da nisa, ga sanyin na'ura ba kya so. Ni kuma abin da na ji daban. Na ji 'yar da na yi wa wahala tana kunyar a ga uwarta mai warin hayaƙi cikin 'yan boko. A raina na ce sai na je, kuma ba a motar haya zan je ba. Na tafi wurin Hajiya na ce 'yarki za ta yi karatu a gaban manya, ki kai ni. Ta yi murna, don tana son yarinyar, ita ta ɗinka mata kayan shiga jami'a. Na ƙara da wasu mata biyu na unguwa don su gani da idonsu, ɗaya nas ce 'yar Filato da muka daɗe muna mutunci, ɗaya kuma matar wani ɗan kasuwa, wadda na san bakinta ba ya riƙe ruwa, kuma don haka ma na ɗauke ta, ina so labarin autata ya zaga unguwa.

Mun shiga an riga an fara. Aka ba mu kujeru a layi na uku saboda ganin Hajiya. Da aka kira autata ta hau, ta gyara abin magana, ta ɗaga kai, sai ta gan mu. Na ɗaga mata hannu. Edita, duk abin da zan manta a duniya ba zan manta wannan tsayuwar ba. Ta kalle ni, ta kalli Hajiya, ta kalli matan nan biyu. Ta ɗauki ruwa ta sha, ta ajiye, ta tsaya tana juya takardarta har mai gabatarwa ya leƙo. Ni na ɗauka tsoron mutane ne, ina ta mata addu'a a zuci. Sannan ta sunkuyar da kai ta fara karantawa, ba ta sake ɗagowa ba har ta gama. Ba na jin Turanci, amma nan da can sai in ji ta ce darbejiya, in ji ta ce kunun kanwa, in ji wankan jego. Kaina ya kumbura. Na dinga zungurin Hajiya da gwiwar hannu ina cewa kin ji, sana'ata take koya wa 'yan boko. Na dai ga ta ja mayafi ta rufe hannunta, na ce sanyin na'ura ne. Ɗakin ya yi tsit, wata a gabanmu tana share hawaye, waɗansu sun ɗaga waya suna ɗauka. Da ta gama aka tashi ana tafi, ni kuwa na miƙe na kama hanci na rangaɗa guɗa har sau uku, mutane suna juyowa suna dariya suna tafa mini ni ma.

A mota ni kaɗai nake magana tun daga cikin gari har Kubwa. Hajiya ta ce kanta ke ciwo. Matar ɗan kasuwa tana ta latsa waya. Washegari Lahadi bayan azahar sai ga nas ɗin nan ta shigo, ko kayan coci ba ta cire ba. Ta ƙi zama a kujera, ta tsuguna kusa da ni, da Hausarta mai mayar da mace namiji ta ce Mama, kin san abin da yaronki ya karanta jiya kuwa? Na ce sana'ata. Ta ce a'a Mama, bari in ba ki. Ta fara: wata mata ce ba ta haihuwa, ƙanwarta ta mutu ta bar jariri, aka kira wata tsohuwa tana dukan bango da ganye. Ba ta kai rabi ba na ɗaga mata hannu, don labarina ne, na fi ta sanin inda zai je. Tambaya ɗaya na yi mata, na ce hannun fa, ta faɗi hannun? Ta ce ta faɗa Mama, na hagu, kwana na tara. Ta ce ita ba za ta gaya wa kowa ba, amma wancan madam tun a mota ya fara tura wa mutane.

Autata ta kwana gidan ƙawarta, sai da yamma ta shigo tana raɓe-raɓe. Na ce zauna. Ban ɗaga murya ba da farko. Ta ce Inna ƙagaggen labari ne, ta canza sunaye, ta mayar da shi wani gari, ba wanda zai gane da ban kwaso mutanen unguwa ba. Na ce kin canza suna kin bar hannu, a unguwar nan da suna ake gane Hajiya ko da hannu? Ta ce wanda ya duba mata labarin ya ce ƙunar nan ita ce zuciyarsa, in an cire ta ba abin da ya rage. Ta ce ai ni ce jarumar labarin, don ta girmama ni ta rubuta, mutane sun yi kuka saboda ni. Ta ce kuma ban taɓa ce mata sirri ne ba. Na ce to na ji duk wannan, amma da kika hau kika ga matar nan a zaune a gabanki, me ya hana ki ce ba ki da lafiya ki sauko? Sai ta ce shekara uku tana jiran rana irin wannan, masu buga littafi suna zaune a wurin, in ta sauko ba za a sake kiranta ba. Wato ta gani, ta auna, ta zaɓa. Wannan shi ne abin da har yau yake tsaye mini a ƙirji.

Daga nan ita ma ta buɗe nata. Ta ce ita ba ta taɓa cewa za ta gaje ni ba, ni na ga littafi a hannunta na yanke hukunci. Ta ce aikin jinyar ma ba hana ta aka yi ba, ba ta nema ba, Turancin ta cike da hannunta, ta ɓoye mini ne don ta san ba zan saurara ba. Ta ce tun tana firamare na gama rubuta mata rayuwarta, ni da ban iya rubutu ba. Ban taɓa dukanta ba tun tana ƙarama, ranar ma ban doke ta ba, amma da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Na ce ta ba ni littafin. Ta miƙo, ta ce ko na ƙona yana cikin kwamfuta. Na kai wa wannan maƙwabciyar tawa na ce karanta mini. Shafi biyu na farko ne kawai maganar ruwa da ganye. Sauran duk gidajen mutane ne, ɗaya bayan ɗaya, da maganganunsu yadda na kwaikwaya. Na koma na ce ta rantse ba za ta taɓa sauran ba. Ta ce za ta ƙara ɓoye su sosai, amma ba za ta yi mini alkawarin daina rubutu ba, don shi ne abin da ta iya, kuma a wurina ta koya.

Kafin sati ya zagayo bidiyon ya shiga kowace waya a unguwa. 'Yar Hajiya a makaranta ta gani, wata ƙawarta ce ta tura mata tana tambaya wai wannan ba hannun Maminki ba ne. Ta zo gida ta tambaya, aka faɗa mata. Masu neman aurenta ba su ce sun fasa ba, sun dai daina zuwa. Ni kuma mata biyu da suka riga suka kama ni tun cikinsu yana wata bakwai suka aiko cewa iyayensu za su zo daga gida. Wayata ta yi shiru. In na shiga gidan suna sai hira ta tsaya, matan da na wanke da hannuna su gaishe ni da ladabi su ja 'ya'yansu gefe. Ban ga laifinsu ba, kowace tana lissafin abin da na gani a jikinta. Matar ɗan kasuwan nan har tana da bakin tare ni a hanya ta ce Iya ashe kina da labarai haka kika hana mu. Na ce mata da na san abin da kunnenki zai kwaso da ban ɗauke ki a motar mutane ba, ta yi dariya ta wuce.

Wata huɗu ban iya taka ƙofar Hajiya ba. Da na ji mijinta ya nemi a mayar da shi jiharsu suna haɗa kaya, na ɗaure na je da hantsi. Da, kai tsaye nake wucewa ɗakinta in zauna a bakin gado. Ranar a falo aka ajiye ni, aka kawo mini ruwa a kofin baƙi. Ta fito ta rame. Na sauka daga kujera na durƙusa, ni da ban taɓa durƙusa wa wadda na girma ba, na ce ta yafe mini, na fara ba ta labarin al'adar gidanmu da yadda yarinyar ta yaudare ni. Ta bari na gama. Ta ce ita ba ta riƙe autata a rai ba, don ba ita ta durƙusa wa a banɗaki ba. Ta ce yarinyarta ta dawo gida, tana gaishe ta, tana cin abincinta, amma Anti take ce mata yanzu. Ta ce in ina so in ba da labarin ga duk wanda na ga dama, ba sauran abin rufewa, wataƙila ma ya hana wata. Na yunƙura zan tashi sai ta ce Iya tambaya ɗaya. Ta ce ta san ni, ta sha dariya in ina kwaikwayon mutane. Ranar da nake ba 'yata labarin, kukan nan da ta yi da zani a baki, shi ma na kwaikwaya? Na sunkuyar da kai. Na kwaikwaya. Ta kalle ni ta gyaɗa kai, ta ce direba zai sauke ni. Na ce zan taka da ƙafa.

Yanzu autata ta samu aiki a cikin gari, tana zaune wurin yayanta. An buga labarin a littafi, na ji an ce ana yabonta. Takan zo ranar Asabar da 'yar leda a hannu, ta share mini ɗaki, ta yanke mini farce. Ta nemi gafara a kan baƙin cikin da ta jawo mini, amma ba ta taɓa cewa ta yi nadamar rubutawa ba, ni ma ban tambaya ba don ina tsoron amsar. Na ce mata na yafe, kuma na faɗa da gaske gwargwadon iyawata, don ba na so bakina ya bi ta. Sai dai in muna zaune ta ce Inna ba ni labarin zamanku a Durumi, sai in ce na manta. In ta ajiye wayarta a kan tabarma kusa da ni, sai in ji harshena ya yi nauyi, in koma maganar tsadar gas da ciwon gwiwa. Ta lura. Ranar nan ta ce Inna kin daina hira da ni, na ce tsufa ne.

Abin da na koya, na koye shi a makare. Iyaye mata, in 'yarki ta zauna tana sauraronki, kada ki ɗauka ta amince da abin da kika tsara mata. Ki buɗe baki ki tambaye ta me take so, kuma ki jure jin amsar tun tana ƙarama, don in kika toshe wannan ƙofar za ta koyi yi miki shiru tana bin ta bayan gida. Ni ban tambaya ba, saboda na riga na sanar wa duniya amsar. Kuma duk wadda aka ba amana, ungozoma ce ke ko mai kitso ko mai aikin gida, ki sani ba taki ba ce balle ki ba da ita gado, ko ga wadda kika haifa, ko da kakanninki haka suka yi. Zamaninsu magana a kunne take tsayawa. Ku kuma yara masu rubutu, ban ce ku daina ba, amma mutumin da kuka sa a takarda gobe zai fita kasuwa, yana da 'ya, yana da surukai, ku kuna karɓar tafi shi yana neman inda zai sa fuskarsa. In uwarku ba ta iya karatu ba, wannan ba izini ba ne. Autata 'yata ce, ina sonta, ba sallar da zan yi ban ambace ta ba. Amma yau a gabanta nake auna magana kamar a gaban baƙuwa, kuma ban san ranar da hakan zai daina ba.